Masu walda da masu bohol ku taimaka: ina son kayan haƙana su koma na inji amma kada su fi ƙarfin Boxer

Ɗan Fadamar Augie:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu walda da masu aikin bohol ku matso, yau ni ke da tambaya.

Sana'ata haƙa washbo, wato ƙaramar rijiyar fayif da ake haƙawa da ƙarfin ruwa, cikin fadama, nan Augie zuwa Argungu, in aiki ya kira har Suru da Bunza muna zuwa. Kayan namu kun san su ba wani abu ba ne, injin ban ruwa inci 3, tiyo, fayif na ƙarfe inci 2, suwibul a sama, wato mahaɗin da ruwa ke bi ya shiga fayif yana cikin juyawa, bakin haƙa a ƙasa, yara biyu su kama sifana suna zagayawa ruwa na wanke ƙasar yana hitowa da ita. In yashi ne zalla kafin azahar mun kai mita 10 ko 12 mun zura fayif ɗin roba mun kwashe kaya. Wajen ƙanen babana na koya, shi kuma tun lokacin shirin Fadama na farko yake cikinta.

To ga inda gizo ke saƙa. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 manoman rani sunka fara komawa sola, yanzu duk wanda ya zo sai ya ce kesin inci 4 yake so, wato fayif ɗin da ake zurawa ya tsare bangon rami, wanda sumo, famfon nan da ake nutsarwa cikin ruwa, za ta shiga, kuma ba cikin kwari ɗai ba har bakin tudu wajen masu albasa da tattasai. Kesin inci 4 kuwa sai rami inci 6, da hannu wallahi azaba ce. Satin da ya wuce wata gona munka ci karo da marmara a mita 7, kwana biyu muna wuri guda, suwibul na fesa ma yaron da ke juyi taɓo a fuska har ya ɗaura leda a kai, can da la'asar ɗin rana ta biyu sai munka ji ƙas, sifana ta yi sakayau a hannu. Tiredi ya tafi. Fayif 2 da baki sunka zauna cikin rami, mai gona na tsaye bisa kunya ya harɗe hannu bai ce uffan ba, ni da zagina ya yi ma da ya fi min sauƙi.

Wani mai walda ya ce in kawo injin fetur irin mai ƙarfin doki 6.5 ɗin nan da giyabos na mota ya ɗora su bisa tsani su riƙa juya fayif. Ni tsorona nauyi. Wuraren da muke aiki mota ba ta shiga, Boxer ce ko amalanken shanu, wani wuri ma sai an sa kaya a kwalekwale daga nan a ɗauka a ka a bi kunyar shinkafa. To wane inji ya dace, wane giya, tsanin ya kai tsawon nawa, kuma suwibul ɗin nan mi za a yi mishi ya bar yoyo? Duk bayan wata biyu sai na sayi boris. Wanda ya taɓa haɗa irinshi ya taimaka kafin in zuba kuɗina.

Mai Walda BK:

Wa alaikumus salam. Maigida sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Na haɗa irin wanga, na farkon da na yi har yau in na tuna shi kunya nake ji, don haka bari in nuna maka inda na sha ƙasa.

Ajiye maganar inji tukuna. Fayif ɗin da ya katse da ƙarfin yara biyu, in ka ɗora mishi doki 6 da rabi mi kake tsammani? Tiredin fayif ɗin ruwa ba don juyi anka yi shi ba, haƙora 11 ne a kowane inci, sirara, kuma inda anka yanka su naman fayif ɗin ya rage, shi ya sa kullum nan yake karyewa daidai bakin soket. Ka tahi wajen masu injin sassaƙa ƙarfe su fidda maka mace da namiji daga ƙarfe mai kauri, tiredi manya masu faɗin kai kamar 3 ko 4 a inci, sai a walda su a bakin kowane fayif. Irin wannan ko yashi ya shiga ka watsa ruwa ka shafa giris ya ɗauru. Ka ce su shafe gefe biyu na kowane haɗi yadda sifana za ta zauna daram ba ta zamewa. Sannan ka samu faranti mai kauri a yi mishi tsaga kamar U, shi za ka riƙa turawa ƙarƙashin haɗin a bakin rami duk sanda za a ƙara fayif ko a cire. Farantin nan kuɗinshi bai taka kara ya karya ba amma shi ke hana kaya faɗawa rami. Wajen waldar a yi hankali, in haɗin ya karkace ko kaɗan ne fayif zai riƙa rawa yana dukan bango yana zubo da shi, mu kwantar da shi muke yi cikin dogon ƙarfen angul a ɗiga walda wuri huɗu a mirgina a gani, in ya miƙe sannan a zagaye.

Sai suwibul. Kuskuren da kowa ke yi har da ni, a sa boris da oyil sil wuri guda ruwan haƙa na bi ta jikinsu. Oyil sil don mai anka yi shi, ruwa mai yashi kamar sanfefa yake gare shi, kwana kaɗan ya cinye leɓen robar ya shiga boris ya wanke giris, shi ke nan sai ƙugi. Raba su. Boris ya koma sama inda ruwa ba ya kaiwa, ni hob ɗin ƙafar mota nake sayowa wajen 'yan gwangwan, irin mai boris biyu masu kwanciya, don yana ɗaukar nauyin da ke rataye ba na gefe ɗai ba. Wajen ruwan kuma ka sa igiyar fakin mai giris irin ta tsofaffin famfuna, zobe 3 ko 4, da marfi mai noti biyu, in ya fara yoyo ka ƙara ma noti rabin juyi a ci gaba da aiki. Tsakanin fakin da boris ka bar tazara da 'yar ƙofa don ruwan da ya tsere ya zube waje. Ɗan ɗigo ɗigo ba laifi ba ne shi ke sanyaya igiyar, in ka matse har ya bushe ƙaf ƙonewa za ta yi. Kuma kada a manta da nipul ɗin giris.

Na Gusau:

Hhhh ku mutanen Kabi kuna cikin ni'ima wallahi, marmarar mita 7 ce har ta sa ku kuka. Ku zo Gusau ko Tsafe ko Maru ku gani, ƙasa kaɗan ce a sama sai ruɓaɓɓen dutse, ƙarƙashinshi dutse na gaske wanda in ba kwamfresa da hama ba ko shekara za ka yi kana juyi sai dai baki ya yi sulɓi. Akwai wani a unguwarmu ya sayo ƙaramin rig na juyi ya ce zai kashe kasuwar manyan motocin bohol, rami biyu ya gwada, yanzu yana nan ajiye bayan gida kaji na kwana ƙarƙashi. Ku ƙasarku shimfiɗa shimfiɗa ce, yashi laka yashi laka, shi ya sa abin ke yi muku. Mu sai gefen gulbi irin fadamar Bakolori wajen Talata Mafara, nan kam washbo na ci. Ko a Kebbin ma in aka kira ka Zuru ko tudun Yauri ka tambaya kafin ka karɓi kafin alƙalami, ƙasarsu irin tamu ce.

Injiniyan Ruwa:

Malam Ɗan Fadama duk abin da mai walda ya faɗa haka yake, ni ta wajen ruwa zan shigo don ina zargin ba marmara kaɗai ta tsayar da ku ba.

Baki yanka kawai yake yi, ruwa ne ke kwasar abin da aka yanka ya hau da shi ta tsakanin fayif da bangon rami. Mu yi lissafi na kan yatsa. A ce fayif ɗinka inci 2. A rami inci 4, filin da ruwa ke bi ya hau kamar 16 ne a cire 4, saura 12. A rami inci 6 kuwa 36 a cire 4, saura 32. Ka ga hanya ta buɗe kusan ninki 3, famfo kuma shi ne dai na da, to gudun ruwan zuwa sama ya faɗi ke nan kusan ninki 3. Laka da rairayi za su fito, amma tsakuwa da ɓarɓashin marmara sai su taso rabin hanya su koma su kwanta kan baki, ku kuna ta niƙa abin da kuka riga kuka yanka kuna cewa dutse ne. Gwaji mai sauƙi, tara hannu a bakin rami, in ruwa ja ne amma ba ko tsakuwa ɗaya a tafinka to a ƙasa suke.

Abin yi, ruwan ya yi kauri ya iya ɗauko su, a dama masa bentonait, wani garin yumɓu ne, ko folima, sinadarin da ke sa ruwa yauƙi. Na biyu kar a shaƙe masa hanya, don haka mai walda ka yi haƙuri zan ɗan taɓa naka, haɗin nan mai kauri da ka ce in mai sassaƙa ya matse ramin cikinsa ya koma kamar inci 1 to an gyara tiredi an kashe ruwa, haka maƙogwaron suwibul da ƙofofin baki. A bar su a buɗe iya yadda ƙarfen zai jure. Ramin tara ruwa kuma biyu za ka yi da 'yar hanya tsakani, na farko ƙasa ta kwanta, na biyu famfo ya ja, kan tiyon a rataye shi kar ya taɓa gindi. In rami ɗaya ne yashin da ka fitar shi kake sake turawa ƙasa, shi ke cin famfo shi ke cin suwibul. Kafin a tsayar da famfo a ƙara fayif a ɗan ɗaga baki a bar ruwa ya zagaya minti 2 ko 3 har tsakuwa ta daina fitowa, in ba haka ba tana kwantawa ta riƙe baki gam, ana matsa masa da sifana kuma sai tiredi. Za ka iya fara ramin da baki inci 4 sannan ka bi shi da na 6, wannan ba ya ƙara gudun ruwa amma yana rage ƙasar da ake yankowa lokaci guda kuma juyin ya fi sauƙi.

Maganar inji. Irin 6.5 ɗin nan yana kai juyi 3600 a minti, baki inci 6 kuwa 60 zuwa 100 ya ishe shi, wato sai an rage gudun kamar sau 40 zuwa 60. Giyar mota lamba ɗaya sau 3 da wani abu take ragewa, ko ka haɗa da difa, giyar nan da ke raba juyi ga ƙafafun mota, wadda ita ma kusan sau 4 ce duka duka 14 ko 15 ka samu, sai fuli da bel sun ƙara sau 3 kafin ka sauko wajen 80. Zai yi, amma ka tara ƙarfen da mutum huɗu ba za su ɗora a tsani ba. Gara ka nemi ƙaramin giyabos irin na injinan masana'anta wanda aka rubuta 1:40 ko 1:50 a jikinsa, dunƙule ɗaya ne. Tsakaninsa da inji bel za ka sa ba sarƙa ba, in baki ya maƙale bel zai zame ya yi ƙara ka kashe, sarƙa kuwa sai ta murɗe wani abu. Kuma in giyar mota ka sa ka toshe ribas gaba ɗaya, yaro ɗaya ya jefa ta da kuskure fayif ya kwance a can ƙasa.

Ɗan Fadamar Augie:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Injiniya wallahi kamar kana wurin, ranar nan ruwa ja wur yake hitowa amma ba tsakuwa, kuma rami guda muke tonawa don sauri. To amma bentonait ba kullum muke samu ba nan, mu in bango na zubewa kashin shanu muke damawa a zuba, shi fa?

Na Gusau ka ci gaba da dariya, shinkafar da za ka ci da salla dai daga nan za ta zo.

Tsohon Hannu, Jega:

Yarona ke rubuta min ina faɗa, in kun ga kuskure nashi ne.

Ɗana kashin shanu yana riƙe bango ba ƙarya, mun yi da shi shekaru, amma ka bar shi. Rijiyar gona ita ce rijiyar sha, 'yan dashe da masu yankan shinkafa da Fulani da yara duk nan za su kafa baki ba wanda zai tambaye ka da mi ka haƙa. Ka nemi yumɓu mai danƙo irin na masu tukwane ko ƙasar suri, a jiƙa tun dare, da safe a dama a tace da buhu. Kuma rami ya zauna cike da ruwa har baki ko da kun tahi cin abinci, ruwan nan shi ke tokare da yashi, in ya sauka bango ya biyo shi.

Maganar ɗora inji a sama ni ban goyi baya ba, ku yi haƙuri 'yan boko. Marmara ba juyi take so ba sara take so. Ka samu tsohon shaf na ƙafar babbar mota a fiƙe bakinshi kamar kurfi, a walda mishi zobe, a kafa ƙafa uku da fuli, mutum huɗu su ja igiya su saki, su ja su saki, kana ɗan juya shi kowane sara. Marmarar da na saba gamuwa da ita sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu, in kun huda ta ku mai da bakinku ku ci gaba da wanki. Abin da nake gani kuna yi yanzu, in wuri ya yi tauri sai a ce yara su hau sifana su zauna, to nauyi daga sama lanƙwasa fayif yake yi rami ya karkace, ranar sa kesin ya tsaya a rabi kuna ta salati. Nauyi a ƙasa ake sa shi, fayif na farko da ke bin baki ya zama mai kauri mai nauyi, sauran su rataya, rami zai miƙe kamar an sa igiyar magini.

Hannu yana ji. In baki ya shiga laka ka sani, in ya shiga tsakuwar ruwa ka ji tana ƙaraf ƙaraf a sifana ka san inda za ka sa sikirin, fayif ɗin nan mai tsage-tsage da ruwa ke shigowa ta jikinshi. Inji bai san wannan ba. Mutanen Maraɗi da hannu suke murɗa nasu, na Indiya da Bangaladash ma fayif ne da gora da tafin hannu, sun yi rijiyoyi ba iyaka. Kuma na ga yaro da hannun rigarshi ya naɗe a bel, Allah ya kiyaye rai amma yatsa biyu ba su dawo ba. In dai sai kun yi to a rufe bel da raga, makashin inji ya zama kusa da hannun mai tuƙi, kuma ba mai matsowa da babbar riga ko rawani.

Mai Walda BK:

Baba ba a ja da ku, maganar sara da maganar nauyi a ƙasa duk na karɓa. Sai dai Baba leburan da kunka samu a zamaninku yanzu babu su, lokacin dashe ko ka ninka kuɗi yaro ba zai tsaya yana zagaya fayif yini guda ba. Don haka ni abin da nake yi yanzu tsani guda ne mai aiki biyu, kan injin yana kan hinji, in an iske marmara a ture shi gefe, fuli na can sama a zura igiya a yi saran da kunka ce, in an huda a mai da shi.

Injiniya maganar ramin cikin haɗi gaskiyarka, na taɓa yin wannan ɓarnar.

Maigida ga amsar tsawo. Tsawon fayif shi ke yanke tsawon tsani. Fayif inci 2 yadda ake sayar da shi mita 6 ne, kowace mita kusan kilo 5, guda ɗaya kilo 30 ke nan kuma ka san yadda yake shan kwana da mutum bisa Boxer. Yanka shi gida huɗu, mita 1 da rabi, sai tsaninka ya tsaya wajen mita 2 da rabi, shi ma a yi shi gida biyu mai shiga cikin juna. Illar ɗai ita ce haɗi ya yi yawa, mita 30 fayif 20 ne, mace 20 namiji 20, nan kuɗin zai tahi, kuma da haɗin kowane zai kusa kilo 10, ka lissafa sawun mashin da kanka. In ka fi yin aiki inda amalanke ke shiga to mita 2 ma ya yi. Ƙa'idata ita ce duk guntun da mutum biyu ba za su ɗauka su bi kunya da shi ba to a sake raba shi, gindi daban, tsani biyu, inji daban, giya da suwibul daban, winci daban. Kuma ban da bol da noti wajen haɗawa, a taɓo noti ɗaya ya faɗi an tashi aiki, fin za ka sa mai maƙalli, kowane a ɗaure shi da 'yar sarƙa a jikin ƙarfen. Wincin ya zama mai harshen da ke riƙewa in an saki, don hannun winci in ya kubce da nauyin fayif 15 haƙoran mutum yake nema.

Baki kuma sifirin ɗin mota ka yanka fiffike 3, a yi su hawa hawa, tsakiya ya riga shiga gefe ya biyo, ƙofar ruwa ta kalli kowane fiffike don laka kada ta dunƙule. In ka samu ƙwayoyin kabaid, ƙarfen nan mai tsananin tauri, a liƙa da gas a bakin. Sifirin in za a walda shi a ɗan gasa shi tukuna, in an gama a tura cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali, yaran shago suna son tsoma shi a ruwa don sauri, ranar da ya daki marmara sai ya tsage daidai waldar.

Ɗan Fadamar Augie:

Baba na gode Allah ya ƙara girma, kashin shanu an bar shi daga yau. Yadda na fahimta kuɗin hannuna bari in fara da haɗin fayif da suwibul da farantin nan da shaf ɗin sara, in gwada rami biyu da yumɓu a aikin da ke gabana, inji da giya sai bayan an yanke shinkafa mutane sun biya bashi. Mai walda zan shigo Birnin Kebbi ranar Asabar in sha Allah, zan yi maka magana ta inbos.

Saura abu guda, fayif ɗina 2 da bakin da ke cikin gonar mutumin nan, akwai dabarar fiddo su? Ramin dai da na koma jiya ya rufta daga sama.

Mai Walda BK:

In da ramin na tsaye da sai in ce a yi maka mashi mai tsini da ƙayoyin walda a soka cikin bakin fayif ɗin a ja. Tunda ya rufta sai ka sake wanke shi a hankali har ka ji ka taɓa ƙarfe sannan a gwada, amma ka auna man da za ka ƙona da yinin yara, fayif 2 ne fa.

Na Gusau:

Ɗan Fadama in kana so in yi maka magana da mai rig ɗin kajin nan, giyabos ɗinshi lafiya lau yake ko wata ɗaya bai yi yana aiki ba, wankewa ɗai za ka yi da omo.